Kwamfutar Yaya Nasiru a kullen gado

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Nasiru, amma har yau in damina ta yi nisa, Gulbin Rima ya fara cika, gabana sai ya riƙa faɗuwa kamar ranar da na yi rigima da Baffanmu a kan makullin ɗakinsa.

Yaya malamin makaranta ne a Goronyo, mai shegen son kwance na'urori. Shi ya haɗa wa manoman fadama wata dabara. Idan za a saki ruwan dam, mai kula da ƙofofin zai turo saƙo ɗaya zuwa wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakin Yaya a Rimawa, ita kuma ta bi wayoyin manoma da masunta har Magarya tana kira, kowa ya ji muryar Yaya da ya naɗa yana cewa a bar bakin gulbi. Manhajar da ke wannan aiki ba a ganinta a fuskar kwamfuta, a ɓoye take aikinta. Ga ta kuma da raki. Sabis ya ɗauke ta faɗi, batirin sola ya yi sanyi ta faɗi, kuma ba ta motsawa sai Yaya ya zo ya tashe ta da hannu. Shi ya sa duk bayan salla sai ya leƙa ɗakin.

Ya taɓa gwada sa ta ta riƙa tashi da kanta. Ta tashi kuwa, amma sai ta ɗauko saƙon makon jiya ta sake kiran jama'a. Mutane suka kwashe injinan ban-ruwa suka hau tudu, ruwa ko ɗigo bai ƙaru ba. Ya sha zagi a kasuwa, ya cire gyaran, ya ce zai sake zama a kansa. Ana haka ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Babu wanda ya san ko ya ƙarasa.

Bayan addu'ar bakwai, Baffa, ƙanen mahaifinmu kuma limamin unguwa, ya sa kwaɗo a ɗakin. Kayan mamaci ba a taɓa su sai magada sun hallara an raba, ga marayu ƙanana, ga babban wanmu yana can Rabah ruwa ya yanke hanya. Kwamfutar tana ciki a kunne. Babu wanda ya tuna da ita a lokacin, makoki ya rufe mana ido duka.

Wata safiya mijina ya kira ni daga Goronyo ya ce an sanar za a saki ruwa da la'asar, kuma mai ƙofofin ya ce ya turo saƙo tun hantsi. Na dubi wayata, shiru. Na kira layin kwamfutar, wanda in tana aiki yakan amsa da wani ɗan kuka. Shiru. Ta faɗi. Na san a wannan lokaci fadama cike take da masu ciran shinkafa, da mata masu wanki, da masu ƙetarewa da jakuna. Na kira waɗanda nake da lambarsu, ba su taka kara sun karya ba. Na yafa mayafi na nufi zauren Baffa.

"Baffa, a ba ni makulli. Na'urar Yaya ta mace, kuma ruwa na tahe."

"Ke mi kika sani cikinta?" ya ce.

"Ko kashe ta in yi in kunna, ai na ga yana yi."

"In kika ɓata ta hwa? Dukiyar marayu ta. Ba ni buɗe ɗakin ga sai da magada."

Na ce masa waɗanda ke bakin gulbi ma in ruwa ya ci su marayu za su bari. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba. Shi ma tsoro yake ji, nasa daban, nawa daban. Aka kira azahar, ya miƙe ya ce in jira ya yi salla ya zo da shaidu biyu. Na zauna a dakalin ƙofar ɗakin, matar Yaya tana cikin takaba tana leƙe ta labule, ina kallon inuwa tana matsawa ina ji kamar in sa wa ƙofar gatari.

Ya dawo da shaidunsa, makulli a hannu. Kafin ya kai ga kwaɗon, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ta shaidun ma ta ɗauka, tawa ta ɗauka. Baffa ya kara a kunne, mu duka muka ji: "Salamu alaikum, Nasiru na. Za a saki ruwa. Ku bar gulbi, ku hau tudu." Matar Yaya ta fashe da kuka a bayan labule. Baffa ya zauna a ƙasa daɓas, yana ta salati. Ran nan ruwa ya tafi da wasu injina da buhunan taki, amma bai ci rai ko ɗaya ba.

Sai bayan rabon gado, da magada suka bar wa manoma kwamfutar, wani mai gyara ya duba ya gane abin da ya faru. Yaya ya ƙarasa aikinsa. Ya sa wani ɗan umarni da ke leƙa manhajar, in ya tarar ta faɗi ya tashe ta, kuma ba ta maimaita tsohon saƙo. Sai dai lokutan leƙen ya ɗora su a kan lokutan salla, yadda shi kansa ya saba yi. Tun hantsi ta faɗi, dole ta jira azahar. Da a ce da hantsi za a saki ruwan, ban san me zan rubuta yau ba.

Matasan da ke riƙe da aikin yanzu sun sauya na'ura, sun sa tana faɗuwa tana tashi nan take. Suna yi wa tsarin Yaya dariya, kuma na san da yana nan da shi za a yi dariyar. Amma zai tambaye su abin da nake tambayarsu ba su amsa ba: tunda tana tashi da kanta, wa ke zuwa ya duba abin da ke kayar da ita? Wannan ne ke hana ni sakewa duk damina.

Murya kaɗai ba su sauya ba, manoma suka ƙi. Bara ina ƙetarewa ta mashayar Magarya wayoyi suka ɗauki ƙara. Wata mata baƙuwa, wadda aure ya kawo ta bayan rasuwarsa, ba ta ma tsaya saurare ba. Ta tattara wankinta, ta daka wa 'ya'yanta tsawa: "Ku hito maza, Nasiru ya kira!"