Daga Gidimuni Zuwa Damagaram Neman Irin Fata

Asabar, Gidimuni

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka ja ƙyaure, ni da maigidana Malam Sale. Ku da kuka san ni kun san ko kasuwar garinmu sai na yi shawara da ƙafata kafin in je, amma ga ni da ƙunshi a ka, za ni Damagaram. Ƙaurin Malam ne ya fitar da ni. Shekara biyu ke nan wutar ciyawa ta lashe shi a lambu, wurin ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garinmu, ya wanke, ya ɗaure, ya gaji. Ranar Laraba ya ja ni gefe ya ce, "Inna, in ba a rufe ramin nan ba, ƙafar za a cire."

Ni kuwa da abin da na ɓoye. Wata rana ina tankaɗe na ji a radiyo wai a ƙasashen nesa ana gutsurar fatar mutum kamar ƙwayar gero, a raine ta a faranti har ta yaɗu, a rufe ciwo da ita. Na gaya wa Malam, ya yi dariya. "Mai lambu ba ya ɗaukar iri a jikin tsohuwar shuka mai ciwo," in ji shi. Na ce a raina, to a ɗauka a nawa. Kwana arba'in ina shafa wa damtsena na hagu man shanu safe da yamma, ina rufe shi kada rana ta taɓa, kamar zangarniyar da aka ware don shuka.

Kan hanya

Ƙarfe shida da minti ashirin motar haya ƙirar hiyas ta cika. Direba ya ba Malam gaba don ya miƙe ƙafa.

"Tsoho, ƙafar nan ta biya kujerarta, ko kyauta ta hau?"

"Ta biya. Ta ma fi ka hankali, ita ba ta gudu."

Muna fita gari hazon ruwa ya kwanta a kan tafki, kawunan dabino kaɗai ake gani, kamar an yanke su daga ƙasa suna shawagi. Iska ta shigo da ƙamshin danyar ciyawa, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai ga ni a wata fadama da ba kunyar shuka ko ɗaya, farantai ne jere har iyakar gani. Mata masu fararen riguna suna bi suna ban ruwa da ludayi ƙarami kamar farce. A kowane faranti fata tana tsirowa, wata baƙa wuluk, wata wankan tarwaɗa, iska tana kaɗa su a hankali. Ina neman tawa ban kai gare ta ba mota ta faɗa rami, goshina ya gaisa da ƙeyar wani mai kaji.

Mirriya

Bakwai da rabi muka tsaya a shingen jandarma. Aka karɓi kardante, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Da jandarman ya leƙa ya ga ɗaurin ƙafar, ya mayar wa Malam tasa bai ko buɗe ba, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Na sayi ƙosan dala ashirin da kunun tsamiya. Malam ya kurɓa sau biyu ya ture. Tukwanen Mirriya suna jere a gindin kuka, jajaye, rana tana sauka a bakinsu. Daga nan kilomita goma sha takwas ya rage.

Damagaram

Takwas da kwata duwatsun garin suka fito, manya, zagayayyu, kamar giwaye sun durƙusa suna hutawa. Muka sauka a unguwar Birni, gidan Zuwaira 'yar ƙanwata, ta ba mu ɗakinta ta koma rumfa. Ta yi mana dambun zogale. Ta lura ina cin abinci hannun hagu a naɗe cikin mayafi, ta ce, "Iya, ke ma ciwon ne?" Na ce, "Ajiya ce."

Litinin, gidan likita

Ƙarfe goma aka kira mu. Likitar mace ce, siririya, ba ta kai Zuwaira ba a haife. Ta duba ramin ta daɗe. Ban bari ta yi magana ba, na zare mayafi na miƙa mata damtsena yana sheƙi.

"Ga iri, 'yar nan. Ki gutsura ki shuka a farantin."

Ta dube ni, ta dubi Malam, na kwashe labarin duka na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannun nawa da hannu biyu.

"Inna, abin da kika ji gaskiya ne, na gani da idona inda na yi karatu. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyi, su ne uwaye, su ke haifo sabuwa in tsohuwa ta goge. Ana ciro su, a sa cikin wani ruwa ja-ja, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, su yi ta hayayyafa har su zama shimfiɗa. Amma mu nan ba mu da ɗakin da ake wannan aikin, can ma da sauran bincike. Kuma ko muna da shi, taki ba za ta zauna a jikinsa ba. Jiki ba ya riƙe baƙuwar fata."

Na ji kamar an ɗauke mini tabarma ina zaune.

"Abin da za mu iya," ta ce, "mu feffe 'yar siririya a cinyar Baba, kamar ɓawon albasa, mu shimfiɗa a kan ramin. Cinyar za ta rufe kanta, don uwayen suna nan a gindin gashi."

Malam ya jawo sandarsa. "Ciwo ɗaya ya zama biyu? Jikin shekara sittin da takwas? Tashi mu tafi, Uwar Habu."

Ban tashi ba. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa musa masa a gaban mutane ba, sai ran nan.

"Malam, raken da ke lambunka, ƙwaya ka shuka?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Ba tsohon kara kake sarewa gaɓa-gaɓa ka binne ba? Rogo fa? Ka taɓa tambayar karan shekarunsa?"

"Ido nake dubawa," ya ce a hankali. "In gaɓa tana da ido, za ta tsira."

Likita ta ce, "To, Baba, na duba. Da ido."

Ya ajiye sandar.

Kwanakin jinya

Sai da aka yi kwana tara ana wanke ramin har ya yi ja kamar cikin kankana, sannan aka yi aikin. Kwana biyar ba a buɗe ba. Ina zaune gindin gado ina kallon farin ɗaurin, ina ji kamar in kara kunne in ji ko saiwa tana tafiya. Ranar buɗewa na rufe ido. Muryar Malam na ji, irin wadda yake yi in ya zagaya lambu da safe: "Ya kama. Gefen nan ne kawai ya ƙi." Gefen ma ya cike kafin a sallame mu.

Komawa

Kwanan mu talatin da ɗaya. Ranar Talata ƙarfe biyu muka bar Damagaram, huɗu da rabi muka ga dabinon Gidimuni. Na gode wa Allah, na gode wa likita da Zuwaira, da ku maƙwabta da kuka yi ta ba lambu ruwa ba wanda ya roƙe ku.

Da aka kira magariba Malam ya fita masallacin ƙofar gida. Shekara biyu a zaune yake salla, can ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe. Na leƙa ta kan zana. Liman ya yi kabbara, na ƙirga kawunan da ke tsaye, na Malam ne na huɗu daga dama.