Yadda Waƙar Kwaɗo Ta Zo Ta Ɗaya

Mu a gidanmu na Landover, a ƙasar Amurka, ba mu da murhu, amma duk watan Disamba muna da wuta. Akwai wata tashar talabijin da idan Kirsimeti ta matso ba ta nuna komai sai itace yana ci bal-bal, waƙoƙin bikin suna tashi a ƙarƙashi. Ranar da kakarmu ta fara ganin wannan abu, sai ta tsaya da buta a hannu ta ce, "Ikon Allah! Mutanen nan har wuta sun kama sun sa a akwati." Nan take ta umarci yayana Sadik ya kashe muryar ya bar mata wutar. Ta jawo kujerarta, ta miƙa ƙafafu wajen hita mai ɗumama ɗaki, tafukan hannu kuma wajen talabijin, kuma wallahi ba wanda ya isa ya ce mata ba daga can ɗumin yake fitowa ba.

Kaka mahaifiyar babanmu ce. Daga zangon Kumasi aka kawo ta don ta riƙe mu, saboda Baba wuni yake yana tuƙin tasi, Mama kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Alexandria. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida yake kirana Ummi, ita kaɗai ke ce mini Takwara. Sadik kuwa Maigida take ce masa, tana tsokanarsa wai miji ne da bai taɓa kawo cefane ba. A gaban wannan wuta ta akwati take ba mu tatsuniya, da zarar an idar da sallar isha an ci tuwo. Ba ta farawa yadda kowa yake farawa. Cewa take yi, "Baƙuwa ta iso, ku ba ta wuri." Mu kuma mu ce, "Ta zauna a tsakiya."

To, daga nan fa Hausarmu take ƙarewa. Muna jin duk abin da take faɗa, amma da Turanci muke mayar mata. Ita kuwa tatsuniyar Kaka ba ta tafiya sai da waƙa, waƙar kuma sai da amshi. Sai ta rera baitinta ta dakata, mu yi zuru muna kallonta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, mu ɗin nan da bakinmu ya yi nauyi a gabanta, mu ne muke cika gida da waƙoƙin Kirsimeti, a banɗaki, a kan matakala, har a kan abinci, alhali ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana.

Baba ya so ya hana. Shi da yake shan su a mota daga safe har yamma, ba ya son ya dawo gida ya tarar da su, ga shi kuma yana ganin bai dace da gidan Musulmi ba. Kaka ta ce masa, "Kai ka manta ko? A Kumasi wa yake fara kai kwano gidan maƙwabta ranar Buronya?" Buronya take ce wa Kirsimeti, yadda Asantawa suke faɗa. "Mun ci shinkafarsu, sun ci naman layyarmu, ba wanda ya bar sallarsa. Ka bar ni da yaran nan, akwai abin da nake dubawa." Baba ya sosa ƙeya ya shige ɗaki.

Abin da take dubawa ashe ƙaramar rediyon Sadik ce. Duk ranar Asabar da yamma akwai shirin da ake jero waƙoƙin da suka fi tashe a makon, a faro daga ta ƙasa a yi ta hawa har a kai ta ɗaya. Mu biyu mukan kifa kai a kan rediyon muna musu, wannan ta hau, waccan ta faɗo. Wata Asabar Kaka ta sa Sadik ya yi mata bayani. Ya ce wadda aka fi saya kuma aka fi sawa a rediyo, ita ke hawa sama. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Wato tsani ne. To, Maigida, mu ma daga yau muna da tsani."

Haka aka kafa tsanin Kaka. Duk Asabar sai ta rera waƙoƙin tatsuniyoyin da ta ba mu a makon, ɗaya bayan ɗaya, wadda muka fi amsa wa da ƙarfi ita ce ta hau. Amshi da Turanci ba ya shiga lissafi. Sai ta toshe hanci da yatsu ta kwaikwayi mai gabatar da shirin: "Jama'a masu sauraro, ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa waƙar kura ta zame ta faɗo, ta kuwa bugu!" Mu faɗi ƙasa don dariya. Ni ina bayan waƙar 'yar akuya mai tafi, Sadik yana bayan ta kura, kowa yana tsage maƙogwaro don tasa ta ci. Har matar da ke ƙasanmu ta riƙa buga silin da sandar tsintsiya. Kafin Disamba ta ƙare, yaran da ba sa iya haɗa jimla guda sun zama masu gardama da Hausa a kan wa ya yi maguɗi.

Ni ce na jawo maganar kwaɗo. Na lura cewa duk shekara idan sanyi ya shigo, tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti da kowa ya manta da su sai su dawo rediyo da kantuna, su danne sababbin da aka yi ta rawa da su da zafi. Wasu ma masu waƙar sun daɗe da rasuwa. Na ce, "Kaka, ina suke zuwa sauran shekara?" Ta dubi wutar akwati, sannan ta ce baƙuwa ta iso.

Wai akwai wata babbar kuka a bakin tafki inda tsuntsaye suke gasar waƙa duk ranar kasuwa. Wanda mutanen gari suka fi so ya hau reshen sama, na biyu ya zauna a ƙarƙashinsa, haka har ƙasa. Kullum ana canji, na saman yau gobe an ture shi, kowa yana ta ƙirƙiro sabuwar waƙa don kada a manta da shi. Sai wani tsohon kwaɗo ya zo gindin kukar ya ce shi ma a sa shi. Suka tambaye shi waƙa nawa gare shi. Ya ce guda ɗaya, ita ma uwarsa ce ta koya masa. Tsuntsaye suka yi ta ƙyalƙyala dariya har wani ya kusa faɗowa. Kwaɗo ya koma bakin tafki abinsa. Da rani ya yi tsanani, tafki ya ƙafe, sai ya tona laka ya shige, aka manta da shi. Ana nan ana nan, ran nan hadari ya haɗu, ruwan farko ya zuba. Sai aka ji murya daga cikin laka:

"Na kwana a laka, ban mutu ba."

Manomi ya ajiye fartanya, mai daka ta tsayar da taɓarya, yara suka fito tsakar ruwa, gari ya amsa baki ɗaya:

"Fito, fito, damina ta zo."

Kowa ya san ta, domin kowa ya fara jin ta ne yana goye a bayan uwarsa. Ranar ba wanda ya ɗaga kai ya dubi kuka. Tsuntsaye suka ji kunya suka ce wa kwaɗo ya hau reshen sama. Ya ce shi bai iya hawa ba. Sai iska ta karyo reshen ta jefo shi cikin tafki, kwaɗo ya ɗale ya zauna abinsa. Da damina ta wuce ya koma laka ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Tatsuniyar ta yi mana daɗi, amma waƙar ba ta shige mu ba. A hankali take tafiya, ba tafi, ba abin dariya. Duk Asabar ita ce a ƙasan tsani, shekara da shekaru. Kaka ba ta taɓa yi mata maguɗi ba, sai dai idan ta zo sanar da ita ba ta toshe hanci. Wata rana Sadik, wanda lokacin ya fara jin kansa saurayi, ya ce da Turanci a cire ta kawai, tana sa barci. Kaka ta gane sarai. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Maigida, sauran waƙoƙin nan na dandali ne, ko na mutu za ku same su a bakin wani. Wannan kuwa uwata ce ta yi ta, tana yi mini wanka da ita. 'Yan'uwana da suka san ta duk sun tafi. Babanku bai riƙe ta ba. Idan ku ma kuka ƙi ta, ranar da aka binne ni an binne muryar uwata. Wannan shi ne tsorona, ba na ɓoye muku." Muka sunkuyar da kai. A makon mun amsa mata da ƙarfi don tausayi, ta ce ba ta karɓar sadaka, ta bar ta a ƙasa inda take.

Da muka shiga babbar sakandare gwiwoyinta suka ƙi sanyin ƙasar nan, ta koma Kumasi. Tsani ya watse. Na yi karatu, na yi aure, muka kama haya a Hyattsville, na haifi 'yata Hanan. Da a ce wani ya tambaye ni waƙar kwaɗo a shekarun nan, da na ce ta tafi.

Sai wata Disamba, Hanan tana 'yar shekara uku, muna dawowa daga kantin kayan abincin gida da doya da manja a bayan mota, maigidana yana tuƙi. Aka sanar a rediyo cewa wata waƙar Kirsimeti da wata Ba'amurkiya ta yi tun ina jaririya, sai a wannan makon ta taka matakin farko a duk ƙasar. Na yi dariya na ce, "Kwaɗo ya fito." Ana ta yayyafi a gilashi. Ban san lokacin da na rera baitin a ƙasan maƙoshi ba: na kwana a laka, ban mutu ba. Sai wata siririyar murya daga kujerar baya ta amsa, tsaf, ba gargada: "Fito, fito, damina ta zo."

Na juya da sauri har wuyana ya yi ƙara. Na ce, "Ke! Wa ya koya miki?" Maigidana ya dube ni yana mamakin mamakina. Ya ce, "Wa kuwa? Tun tana cikin zani, duk wankan da za ki yi mata da ita kike yi. Ni kaina na haddace." Wallahi ban sani ba. Ban taɓa jin kaina ina yi ba. Na rufe fuska da gyale na yi kuka sosai, kukan daɗi, a wurin ajiye motoci.

Washegari da hantsi na kira Kumasi ta bidiyo, na sa Sadik ma ya shigo daga wurin aikinsa. Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, sai da aka matso mata da wayar dab da fuska. Bayan mun gaisa na ba ta labarin Ba'amurkiyar da tsohuwar waƙarta ta zo ta ɗaya, sannan na ce, "Kaka, ki ba da waƙar kwaɗo." Ta ce, "Takwara, tsokana ce da ranar nan?" Na ce ta dai bayar. Ta gyara murya ta rera. Hanan ta amsa. Kaka ta matso da kunne. Ta sake bayarwa, yarinya ta sake amsawa, wannan karon har da Sadik, da muryarsa ta ƙato, ba wanda ya roƙe shi.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan amsar tambayata ce kawai game da waƙoƙin rediyo. Yanzu na gane cewa waƙar da ke dawowa ba wadda aka fi yi wa ihu ba ce, wadda aka ji a jikin wanda ake ƙauna ce. Masu Kirsimeti suna da tasu, kuma na daina mamakin yadda take tashi duk shekara. Mu ma muna da tamu, wata mata a zango ce ta yi ta a gaban ƙwaryar wanka, ta ƙetare teku, ta kai zuriya ta biyar. Ina alfahari da wannan fiye da duk takardun da na rataye a bango.

Da Kaka ta share ido, sai muka ga hannunta yana laluben fuska. Ta toshe hanci da yatsu biyu.

"Jama'a masu sauraro," in ji ta, "a gaya wa Ba'amurkiyar nan ta ɗan matsa a kan reshen. Uwata ta iso."