Albasa a Aji Uku

A shekarun da na yi ina zagayen duba makarantun ƙauye, babu lokacin da na tsana kamar bazara. Kujerar babur ta yi zafi kamar tanda, ruwan tafki ya janye, sai ka taka laka mai nisa kafin ka kai ga jirgi. Ni kuma a lokacin jinina na tafasa. Sabon jami'i ne ni, ga waya mai ɗaukar hoto, kuma a ganina duk malamin ƙauye maƙetaci ne har sai ya nuna mini ba haka ba.

Wata Talata na ajiye babur a Wara, wani dattijo mai kwalekwale ya tsallaka da ni wani tsibiri da ke da firamare mai aji uku da malami ɗaya tilo. Ƙarfe goma na isa. Ko yaro ɗaya babu. Na tura ƙofar aji ɗaya, wani wari ya bugi hancina, na ja da baya ina salati. Albasa ce shimfiɗe tun daga bakin ƙofa har bango, allon ma an cire shi. Aji biyu haka, aji uku haka, an jibge bencina a waje. Makarantar gwamnati ta koma rumbun albasa!

Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki hoto, na hau wani tudu inda waya ke kamawa, na tura wa shugabana a ofis, na rubuta a ƙasa cewa malami ya kori yara ya kama kasuwanci. Sannan na sauko ina huci.

Mai kwalekwale yana zaune a inuwa yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na ce, "Baba, ina malamin garin nan?"

"Malam? Shina bakin aiki mana. Mi ya hwaru?"

"Wane aikin? Sayar da albasa?"

Ya ajiye komar ya ce, "Taho, ɗana, in kai ka."

Muka zagaya bayan tsibirin, inda ruwa ya janye aka yi lambuna. Tun daga nesa na jiyo muryoyi suna bita. Ga allon nan rataye a jikin tsamiya, ga yara zazzaune a ƙasa da laka a ƙafafunsu, sun fi na makarantun bakin titi yawa. Wani siririn mutum yana tsaye gabansu, alli ya ɓata masa gaban riga.

Da malamin ya tashe su, ya yi mini bayani. A da, duk bazara iyaye kan kwashe yaran gaba ɗaya su tafi cirar albasa, ita kuma albasar ta riƙa lalacewa a rana don babu inuwar da za a shanya ta. Shi ne ya zauna da dattawan gari: ya ba su aji har jiragen masu saye su zo, su kuma su sakar masa yara daga hantsi zuwa azahar, nan bakin lambu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na hana musu aji, su hana min ɗiya. Aji ko ba shi karatu."

Na koma tudun nan da gudu, ina addu'ar saƙon bai tafi ba. Ya tafi, har shugaba ya amsa da "Madalla da aiki." Na kira shi ina haki, ya ce hoton ya riga ya wuce hannunsa, ya kai gaban manya. Na dawo malamin ya raka ni har bakin ruwa yana ta godiya, wai tun da ya zo babu jami'in da ya taɓa ganin ajinsa na tsamiya. Na shige kwalekwale ban gaya masa zancen hoton ba.

Na rubuta bayani shafi biyu, na bi ofis-ofis da shi, babu wanda ya karanta. Kafin ruwan farko ya sauka an sallami malamin daga aiki.

Da wata bazarar ta zagayo na koma. Ajujuwa a share tas, bencina a jere, allo a bango. Sabon malami ya miƙe ya gaishe ni, shi kaɗai. Na ce ina yara? Ya ce suna lambu, sai an gama albasa. A takardata akwai gurbin tsabtar aji, na rubuta "mai kyau."

Da zan koma, dattijon nan mai kwalekwale ya ɗauke ni har muka kai tsakiyar ruwa. Ya tsayar da tuƙi ya ce, "Ɗana, bana ka iske aji yadda kaka so?"