Gonar Tanko da Gara

Mu 'yan gida kaɗan ne masu bin Yesu a ƙauyenmu na ƙasar Tsafe, kuma da an ci tuwo lokacin sanyi, duk yaranmu murhun Kaka Saratu muke kewayewa. Ba ta ba da labari kyauta. Sai ta zube mana gyaɗa a faifai, hannu na ɓara, kunne na saurare. Ni ce mai gardamar cikinsu, har yau ban warke ba.

Akwai na wani Tanko da ta fi so. Gonarsa fako ce, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta kamawa. Ba wanda ya kai shi roƙon ruwa.

"Da anka yi ruwa," in ji Kaka, "sai shi bi ta bisa gonar Tanko, shi gangara ta maƙwabci. Tanko shi ce Allah na da son kai."

Wata tsohuwa ta ce masa ya shimfiɗa kara da kashin shanu a wurin, ya bari gara ta zo. Tanko ya ƙi, don gara ce ta taɓa cinye masa rumbu. Da yunwa ta matsa masa, ya yi. Gara ta zo ta huhhuda ƙasar, damina ta sauka, ruwa ya samu hanyar shiga. Gero ya fito.

Na ce, "Kaka, ai gara ɓarna take yi."

"Ke dai ɓare gyaɗarki, sarkin baki. Ruwa bai taɓa ƙin Tanko ba."

Sai da mijina Yakubu ya rasu a nan Gusau na san ciwon wannan magana. Ban daina zuwa majami'a ba. Ina zaune, fasto na wa'azi, ina jin kowace kalma, amma ba wadda ke shiga. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga bangaskiyata na bushewa ina kallo.

Abin da ya fi ba ni haushi matan zumuntar majami'armu ne. Kowane mako sai sun zo, su baje a tabarma, su yi ta ambaton Yakubu, suna tono abin da na danne kamar gara. Na sha kulle ƙofa in yi shiru kamar ba na nan.

Wata Laraba na ji sallamarsu, hannuna na kan sakata, sai na tuna Tanko. Na buɗe.

Babbarsu, Mama Rifkatu, ta dube ni ta ce, "Hannatu, yau ba wa'azi muka kawo ba. Ba mu labarinsa."

Na ba su, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da ta yi addu'a ta gama, na ce amin, kuma a karon farko tun rasuwarsa, daga cikina ta fito.