Ranar da jirgina ya leƙa gidan Hajiya

Yayana ne ya sayo jirgin, ɗan ƙarami mai kyamara, wanda ake ce wa diron. Bai daɗe ba ya gaji da shi, ni na gaje. Shi komai sai ya karanta takarda. Ni a miƙo mini rimot kawai.

A unguwarmu ta Ƙofar Guga gidaje manne suke da juna. Ko magini zai hau soro sai ya ɗaga murya ya sanar, mata su kintsa. Don haka Baba ya kafa mini sharaɗi: kada jirgin ya wuce tsayin katangarmu. Ran da ya leƙa gidan wani, ran nan zai kulle shi a akwati. Na shiga saiti na ɗaure tsayinsa, na kuma sa in batir ya yi ƙasa ya sauka inda yake.

Wata la'asar waya ta ce sai na sabunta manhajarsa kafin ya tashi. Na danna. Ya cinye mini data, ya tsaya a rabi kamar jakin da ya ga ruwa, na sake dannawa, da ƙyar ya gama. Abin da ba su gaya wa mutum ba, ko suka binne cikin dogon rubutun nan da ba mai karantawa, shi ne sabuntawar tana goge duk saitin da ka yi.

Ina ɗaukar bidiyon kajin Innarmu a tsakar gida sai batir ya yi ja. Maimakon ya sauka, jirgi ya miƙe sama, wai zai nemi hanyar gida, alhali a gida yake. Ya wuce katanga, ya wuce darbejiya, ya tsaya can yana kallon unguwa, kyamara a ƙasa. Kafin in sauko da shi na ji muryar Hajiya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita.

"Wane marar kunya ne wannan?"

Na zura hijabi na shiga gidanta da rimot a hannu. Na tarar ana mata kitso, rabin kai a tsefe.

"Ke ce ko ƙaton yayan nan naki?"

"Ni ce, Hajiya. Shi ko kunna shi ya manta."

"Mi ya gani? Nuna mani."

Na nuna mata. Ta kanne ido, ta matso da wayar har hanci.

"Wannan furfurar duk tawa ce?"

"Ba aro kika yi ba dai."

Mai kitso ta tuntsire da dariya, Hajiya ta kai mini duka da mafici. Sai ta ce in tsaya, in mayar da bidiyon baya kaɗan. A hoton ga rufin ɗakinta, indararo ya toshe da leda, ciyawa ta tsiro a gefe, ga tsaga doguwa. Ta ce tun bara take cewa ɗakin na yoyo ana ce mata tsufa ne. Na goge inda kanta ya fito a gabanta, na bar mata rufin.

Na koma gida na iske labari ya riga ni. Baba na zaure, akwati a buɗe. Na fara bayanin manhaja, ya ce shi bai yi sharaɗi da manhaja ba, da ni ya yi. Sai ga Hajiya a ƙofa, ta yafa mayafi kan rabin kitsonta. Suka gaisa har na ƙosa.

"Malam, ɗiyata ce ta gan ni, ba ƙato ba. In ka kulle shi wa zai duba mani aikin magini kafin ruwa ya sauka? Kai za ka hau?"

Baba ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Zauna nan. Ki mayar da saitin ina gani."

Na zauna. Ya sa na karanta masa dogon rubutun nan tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, yana gyara mini Turanci.