Asubar da Inna Ta Kai Ni Kan Gada

Asubar wata Laraba ce, a tsakiyar sanyin shekarar da nake aji shida na firamare, Inna ta tashe ni tun kafin kiran salla, ta tsayar da ni gaban murhu ta shiga jibga mini kaya. Ta fara mulke mini ƙirji da man zafi, sannan shimi biyu, wandon yayana, da wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo da ta samo a kasuwar Juma'a, wadda sai da aka nannaɗe hannuwanta. Ta ɗaura mini zaninta na saƙi a ƙirji kamar mai goyo, ta cusa mini hular ulu ƙarƙashin hijabi, ta zura mini safar Baba a hannu. Kafin ta gama, ko sunkuyawa ba na iyawa.

Dalili kuwa, makarantarmu ce ta shirya kai mu yawon buɗe ido Jos, mu ga duwatsu da gidan namun daji. Ni kuma tun ina ƙarama ƙirjina ba ya shiri da sanyi. Da iska ta juyo sai numfashina ya riƙa fita da ƙara kamar usur. Ko wanke-wanke ba a ba ni, balle ɗiban ruwa, ƙawayena na gaɗa a dandali, ni ina zaure ina leƙe. Don haka da na kawo maganar, Baba bai ko ɗago daga gyaran garmarsa ba. "Sanyin Wudil ma kayar da ke yake yi, ina ga na Jos?" Na yi kuka har na gaji. Inna kuwa, ita da ba ta taɓa wuce Kano ba, na lura ta fi ni son tafiyar nan.

Baba na fita masallaci muka yi sallarmu, ta ja hannuna muka bi ta bayan gidaje har kan gada. Duk ɗan Wudil ya san babu inda ya kai nan sanyi. Iska na tasowa daga kogi tana yankar fuska, masunta ma suna can ƙasa sun kewaye wuta. A nan ta tsayar da ni, wai mu ga ko kayan za su riƙe. Jifa-jifa takan zura hannu a wuyana, ta kara kunne a bayana tana sauraron numfashi. Ni dai zufa nake yi. Sai da gari ya fara haske na dube ta da kyau. Ashe duk wani abu mai kauri da ke ɗakinta yana jikina, ita daga ɗan mayafi sai silifas, haƙoranta na haɗuwa, leɓenta ya yi fari fat. Tausayinta ya kama ni.

Haka Baba ya same mu, bayan wani mai shayi ya nuna masa inda muka bi. Na zaci faɗa zai yi. Ya taɓa goshina ya ji gumi, ya juya ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya cire bargon da ke kafaɗarsa ya lulluɓa mata. "Hadiza za ta je Jos," in ji shi, yana nuna ni. "Ke kuma, Allah ya shirye ki, wuce mu tafi gida."

Tun a mota yara suka laƙaba mini suna Katifa, amma da iskar Jos ta buge su, masu dariyar ne suka dawo suna roƙon aron safa ɗaya. Na hau dutse, na ga zaki ido da ido, ko tari ban yi ba. Da na dawo sai na tarar da Inna kwance, zazzaɓi da mura sun kayar da ita tun ranar gada. Ta zaunar da ni bakin gado, muryarta a dishe. "Da gaske duwatsun ɗaya kan ɗaya suke? Faɗa mini duka, kar ki tsallake komai."

Yau in 'ya'yana za su yi tafiya garin sanyi, shago nake shiga in ɗauko riga marar nauyi, a ja zif, shi ke nan. Waya ma ta faɗa mini yanayin garin tun ba su tashi ba. Inna ta rasu ba ta ga Jos ba. Sanyin garin dai ta shanye mini shi tun a Wudil.