Wilin Babur a Gaban Motar Fu'ad

Har gobe ban manta da ranar da na ɗaura wilin babur a gaban motar tsere ba, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci sabo, kamar jiya aka yi. Kuna cewa na cika faɗa idan na ga ɗayanku ya shafa fenti a kan ƙarfe bai kankare tsatsa ba. To yau ku ji inda faɗan ya samo asali.

A tsakiyar shekarun sittin ne, cikin watan Muharram, bayan alhazai sun watse. Ina aiki a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a bakin gari ta wajen Rusaifa, lokacin gidajen wurin ba su da yawa. Mai warshar shi ne Mu'allim Siraj. A ƙarƙashinsa akwai manyan makanikai masu takarda, waɗanda ake ce wa usta, sannan mu a can ƙasa, Hausawan da muka zo hajji muka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ni aikina wili ne da taya. Tun a gida na koyi ɗaurin wayar keke da ta babur, don haka duk wili mai waya ni ake miƙo wa.

Direban gwajinmu Yaya Habu ne. Ba uwa ɗaya muke ba, amma tare muka ratso Sudan, shi ya yi jinyata a hanya, kuma a ɗakin zaurensa na unguwar Misfala nake kwana. 'Ya'yansa huɗu. Tsarin warshar shi ne duk motar da aka gyara Yaya Habu ne zai fara hawa. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili a fili, amma kowa ya sani. Idan mai takarda ya yi haɗari, 'yan sanda za su zo da tambayoyi, a rufe warsha. Wanda ba shi da iƙama kuwa ko ƙashinsa ya fito ba zai kai ƙara ba.

Fu'ad ɗan wani attajiri ne da ya dawo daga karatu a waje da hoton mota a mujalla. Ya jawo mana wata tsohuwar motar Amurka ƙirar kafin yaƙi, ya ce a cire mata kujeru da duk abin da ke da nauyi, a sa mata babban inji, a baya manyan tayoyi, a gaba kuma siraran wili masu waya. Irin motocin nan ba su san kwana ba. Miƙaƙƙiyar hanya suke bi, ɗan gajeren zango, wanda ya riga isa ya ci. Abokansa na taruwa ranar Juma'a bayan la'asar a wani fili ta hanyar Jidda. Inji ya cinye kuɗin da ubansa ya ba shi, uban ya ce ba ƙari. Sabon wili sai an yi oda ta jirgin ruwa, ga tsada ga jiran watanni. Sai aka ce Ilu, wato ni, ya nemo mai araha.

Sati uku ina yawo a haraj, kasuwar da ake gwanjon tsofaffin kaya. Jidda ce ke da kaya, amma wa zai kai kansa shingen bincike? A ƙarshe na samu guda biyu wurin wani tsoho mutumin Yaman, an ciro su daga motar Ingila, wayoyinsu masu kauri, an saƙa su layi-layi. Na duba su yadda aka koya mini: ka ɗauki sifana ka ƙwanƙwasa kowace waya ɗaya bayan ɗaya, kana sauraro. Mai lafiya tana amsawa ƙal, wadda ta ruɓe kuma sai ka ji muryarta a dushe. Duk suka amsa. Na dawo da murna na faɗa wa Mu'allim farashi. Ya ce ya yi yawa, ko ganinsu bai je yi ba.

Bayan kwana biyu sai ga shi da nasa a bayan mota, suna ta ƙyalli, ya ce rabin wancan kuɗin ya biya. Kallo ɗaya na yi na gane na babban babur ne. Na ƙwanƙwasa, fiye da goma suka amsa a dushe. Na sa farce a gindin waya ɗaya, fentin azurfa ya ɓare, tsatsa ta zubo ja wur.

"Ya Mu'allim, waɗannan ba za su yi ba," na ce masa. "Babur idan zai karkata, da wilinsa yake kwantawa. Mota ba ta kwantawa, nauyin ta gefe yake bugun waya. Ga shi kuma sun ruɓe ta ciki."

"Motar miƙe take tafiya, ya Hajji. Ina ruwanta da gefe?"

"In ta zo tsayawa fa? In ta ɗan goce?"

"Halas, ya isa! Ka ɗaure su su yi ƙara, ka ƙara fenti." Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Ko kana so ka je ka yi wannan dogon bayanin naka a ofishin jawazat? Suna son masu ilimi irinka."

Jawazat su ne masu kama marasa takarda a sa su jirgi. Na tsaya da sifana a hannu, cike da haushi. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba, shi ne yake koya mini wili! Amma na zauna na ɗaure. Duk mai wannan sana'a ya san ruɓaɓɓiyar waya ma idan ka ja ta sosai za ta yi ƙara kamar sabuwa, sai dai ka kusantar da ita ga tsinkewa ne. Na sani sarai, na kuma ja. Da Fu'ad ya zo ya shafa su yana murmushi, ya ce, "Sun yi, ya usta?" Ranar ce kaɗai aka taɓa kirana usta a warshar nan. Na ce sun yi.

Ranar Juma'a, muna hanyar fili, na ce wa Yaya Habu, "Yaya, ka bi gaban nan a hankali." Iya abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Ya ce, "Wa ya ɗaura?"

Na ce, "Ni."

"To mene ne na damuwa?" Ya yi dariya, ya gyara hularsa.

Fu'ad ya tsaya da agogo a hannu, ya ce yana son ganin ƙarshen gudunta kafin ya hau da kansa. Yaya Habu ya yi bismilla ya taka. Tafiyar lafiya lau aka yi ta, samarin nan suna ta ihu. Da ya kai ƙarshe ya taka birki, motar ta ɗan goce hagu, sai muka ji ƙarar wayoyi suna tsinkewa a jere. Wilin dama ya naɗe, motar ta kafa hanci a ƙasa ta juya sau biyu.

Ni na fara isa. Yana kwance a gefe, ƙugunsa ya karye, ƙafar ta juya inda bai kamata ba. Fu'ad ya iso yana haki, kuma wallahi abin da ya fara tambaya shi ne ko injin ya fashe. Mu'allim kuwa cewa ya yi kada wanda ya ambaci asibiti. A bayan akori-kura muka kwantar da shi, muka kai shi Misfala wurin wani mai ɗori Bazazzagi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta haɗe a gajarce, Yaya Habu bai sake tuƙi ba. Goro da turare ya koma sayarwa a bakin masaukin alhazai, da sanda, har ƙarshen ransa.

Sati bai cika ba Mu'allim ya aiki wani usta ya sayo wilin nan na tsohon Bayamane, a farashin da na faɗa tun farko. Ashe kuɗin akwai. Ya ce in ɗaura. Na ajiye masa sifanarsa a kan teburi na fita, ina jiran jawazat su zo. Ba su zo ba. Barazanar da ta sa na ja wayoyin nan, ashe baki ne kawai, don in ya kira su shi ma zai amsa tambaya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na zagi Mu'allim Siraj shekara da shekaru, kuma ya cancanta. Amma abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne, mai warsha yana iya sayo ruɓaɓɓen kaya, mai mota yana iya son araha, sai dai ba ɗayansu da zai iya ɗaurawa. Hannun ma'aikaci ne na ƙarshe, kuma wanda zai hau da wannan hannun ya dogara.

Kwana uku bayan haɗarin na shiga wurin Yaya Habu da niyyar faɗa masa komai. Yana kwance a tabarma, an ɗaure shi da karare, matarsa na yi masa fifita. Kafin in buɗe baki ya kamo hannuna.

"Ilu, na ga ka rame. Kada ka sa wa ranka komai. Ni na taka birkin da ƙarfi. Na faɗa wa kowa, wilin da ka ɗaura ba ya ba da kunya."

Shekara ashirin da biyu muka ƙara yi tare, ni na yi masa wanka da ya rasu. Ban taɓa faɗa masa ba.